ZANCEN ZAURE: Zumunta A Ƙafa Take, Ko Da A Waya Aka Ƙulla Ta

 A wannan fitowa mun ajiye zancen takardun zama da na kuɗin haya, za mu ɗauko wata magana wadda ta shigo gidajenmu ba sallama, har ta kusa raba wani uba da 'yarsa a nan Stains. Maganar kuwa ita ce ta yaranmu masu zane-zane, da abokan da suke yi ta cikin waya, waɗanda mu iyaye ba mu taɓa ganin fuskarsu ba.

Ga yadda abin ya zo mana. Wata ranar Lahadi bayan la'asar, ana tashi daga taron ƙungiya, sai wani ɗan'uwanmu tela, mutumin Maradi, wanda ke zaune a unguwar Clos Saint-Lazare yana kuwa ɗinki wajen Château Rouge, ya ja mu gefe, ya zaro wani ambulan daga aljihu hannunsa na rawa. 'Yarsa aka aiko wa daga Lyon, ita kuwa shekararta 17. A ciki akwai surar wata yarinya mai manyan idanu wadda aka zana da tawada, da wasiƙa cikin Faransanci, da takardar kuɗi ta Yuro 20. Ya ce, "Malam, ku dubi abin da na tsinta a gidana. Wane ne a Lyon zai aiko wa 'yata kuɗi? Ni ba ni da kowa a can. Kullum tana duƙe kan wayar nan har tsakar dare, tana dariya ita kaɗai. Na yanke shawara, da an yi hutun lakwal zan mai da ita gida wurin gwaggonta, kowa ya huta."

Muka ba shi haƙuri, muka roƙe shi ya ba mu mako biyu kafin ya sayi tikiti. Ran Asabar muka tafi gidan tare da wata dattijuwa daga cikin shugabannin mata. Yarinya ta zo ta durƙusa ta gaishe mu. Muka ce, "'Yata, wane ne mai aiko miki da kuɗi?" Ta ce, "Baba, ƙawata ce." Muka ce, "A ina kuka haɗu?" Ta ce, "A wurin zane." Muka ce, "Kin taɓa ganinta ido da ido?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban taɓa ba, Baba, amma shekara uku ke nan babu ranar da ba mu yi magana ba. Ita ta koya mini zana hannu. Kuɗin nan kuwa ladan aiki ne, na zana mata wani abu da za ta ba ƙanenta kyauta." Uban ya dube mu, mu ma muka dube shi, gama ba wanda ya gane inda wannan wurin zane yake.

To, ga abin da muka fahimta bayan mun zauna da ita, da waɗansu samari biyu na zangon nan masu irin wannan sha'awa. A cikin intanet akwai wuraren da aka keɓe domin masu zane, kamar yadda a kasuwar Kurmi ta Kano kowace sana'a take da layinta. Cikin waɗanda suka yi suna, tsohon ciki shi ne DeviantArt, wanda aka buɗe a Amurka cikin watan Agusta 2000. Japanawa suka buɗe nasu mai suna Pixiv a 2007. Instagram ya zo a 2010 ya kwashi yara masu yawa, ga kuma ɗakunan hira na Discord, inda mutum ashirin ko talatin kan taru kowa da aikinsa. Yaro ya yi zanensa a takarda ko a allon gilashi, ya ɗora, jama'a su gani. Wani ya danna alamar so ya wuce, wani kuwa ya tsaya ya rubuta magana, a nan ne fa ake gane aboki. Mai danna alama kamar mai wucewa ta bakin rumfarka ne ya ce Allah ya ba da kasuwa. Mai tsayawa shi ne zai ce maka hannun nan ya yi tsawo, inuwar nan ba ta bi haske ba, gyara nan ka sāke nuna mini gobe.

Suna da al'adunsu waɗanda suke kiyayewa ƙwarai. Akwai musaya, watau ni in zana maka abu, kai ma ka zana mini, ba kuɗi a tsakani, surar nan da tela ya tsinta ashe rabin musaya ce. Akwai aikin lada, wanda ake yin ciniki a kansa a biya. Kowane watan Oktoba kuma akwai wani gwaji da wani Ba'amurke mai suna Jake Parker ya faro a 2009, ana ce masa Inktober, kowa ya yi zane ɗaya da tawada kowace rana har kwana 31, wanda ya gaji a tsakiya abokai su yi ta ƙarfafa shi har ya kai. Abin da ya fi tara su kuwa shi ne son waɗansu jarumai na littattafan zane na Japan, waɗanda ake kira manga, irin su Naruto da One Piece da Dragon Ball. Masoyin jarumi yakan zana shi da hannunsa, ya nuna wa 'yan'uwansa masoya, daga nan hira ta ɓarke, daga hira sai abota.

Kada mu yi zaton yaranmu ne kaɗai wannan abu ya kama. Ƙasar da muke zaune cikinta ta daɗe da kamuwa. Tun watan Yuli 1978 talabijin na Faransa ya fara nuna wa yara Goldorak, daga 1987 zuwa 1997 kuma filin Club Dorothée ya cika gidaje da majigin Japan, saboda haka iyayen Turawan yau ma da shi suka tashi. An ce in ka cire Japan kanta, ba ƙasar da ta kai Faransa karatun manga, a shekarar 2021 kaɗai an sayar da wajen littafi miliyan 47. A wannan shekara ce gwamnati ta ba kowane ɗan shekara 18 Yuro 300 domin sayen littattafai da shiga wuraren al'adu, yara suka yi ta kwasar manga da kuɗin har jaridu suka mai da abin barkwanci, daga baya aka rage kuɗin. Da mai Dragon Ball, Akira Toriyama, ya rasu ran 1 ga Maris 2024, shugaba Macron da kansa ya yi ta'aziyya. A lardinmu na Seine-Saint-Denis kuwa, a Villepinte, tun 2006 ake yin babban taron masoyan nan mai suna Japan Expo cikin watan Yuli, a 2019 mutum fiye da 250,000 suka halarta. Watau kasuwa ce ke ci a bayan gidanmu shekara da shekaru, mu 'yan kasuwa ba mu leƙa ba.

Da muka mai da wannan labari zaure, sai wani dattijo cikinmu ya yi dariya, ya ce ai wannan ba a kan yaran yau aka fara ba. Gaskiyarsa kuwa. Wanda ya yi zamani da rediyon Kaduna ya san filin Zaɓi Sonka. Mutum ya sayi kati, ya jera sunayen abokansa, wannan a Damagaram, wannan a Kumasi, wannan a Garwa, wancan a Sudan, a karanta duniya ta ji, a sa musu waƙa. Da yawa cikinsu sunan juna kawai suka sani, amma wanda aka gaisar ya san an ɗora masa bashi, mako mai zuwa tilas ya rama. Haka aka yi da wasiƙun masu sauraro na sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, da na sauran gidajen rediyo. Daga baya masu gaisuwar nan suka kafa ƙungiyoyi, suna zuwa wa juna biki da suna da gaisuwar mutuwa. Dattijon nan ya ce shi da kansa, da ya je sarin goro Kumasi yana saurayi, a gidan abokinsa na Zaɓi Sonka ya sauka, bai taɓa ganinsa ba sai ran nan, ya kwana goma sha biyu ba a karɓi ko anini a hannunsa ba.

Son gwani ma ba baƙonmu ba ne. Wane ne cikinmu bai san masoyan Mamman Shata ba, waɗanda har yau, tun rasuwarsa a 1999, suke tara faifansa suna gardama kan wace waƙa ta fi wata? Mun san yadda Ɗan Anace ya ɗaukaka Shago har wanda bai taɓa zuwa gidan dambe ba ya san sunansa. Mu mutanen Nijar kuwa ba mu da bakin magana, gama tun da aka fara kokawar takobi a Tawa a 1975, daga zamanin Kantu na Maradi har zuwa na Isaka Isaka na Doso, mun san dattawa masu furfura da ba su iya cin tuwo ran da aka kā da ɗan kokawarsu. A nan Stains ma mun ga waɗanda suka rufe shago suka taru kan waya guda ranar kamun ƙarshe. In yaro ya yi wa jarumin takarda irin wannan so, to a gida ya gaje shi.

Amma fa kada mai karatu ya ce mun ce abin duk alheri ne. Tela bai yi tsoro a banza ba, mun kuwa ga illa huɗu da idonmu.

Ta farko ita ce ƙishin yabo. Kowane zane da aka ɗora ana ƙidaya mutum nawa suka so shi, yaro kuwa yakan mai da wannan lissafi ma'aunin darajarsa. In yau an so shi ɗari uku gobe talatin, sai ya kwana yana tunanin me ya yi. Mu mun san maroƙi, mun san ba a gina gida da kirari, amma ɗan shekara 14 bai sani ba tukuna. Yarinyar tela ta amsa da bakinta cewa akwai lokacin da take kaiwa ƙarfe biyu na dare tana zane, makinta a lakwal kuwa ya yi ƙasa.

Ta biyu faɗan masoya. Kamar yadda magoya bayan 'yan kokawa kan yi cacar baki, haka su ma, sai dai nasu ba filin da za a tashi a watse. Ɗaya daga cikin samarin nan biyu ya zana wani jarumi da baƙar fata da hula irin tamu, domin sha'awa. Waɗansu suka yaba, waɗansu kuwa suka taru a kansa kamar ƙudan zuma, suna zaginsa da zagin launinsa kwana da kwanaki, har ya bar cin abinci, uwarsa tana zaton zazzaɓi ne. Abokansa uku na wurin zanen ne suka tsaya masa, suka kai ƙarar masu zagin, suka riƙa kiransa kullum har ya dawo hayyacinsa. Iyaye su sani akwai lambar kyauta a ƙasar nan, 3018, wadda aka tanada domin yaran da ake tsangwama ta intanet, ana iya kira a nemi taimako.

Ta uku ita ce wadda ta fi tsorata uba, watau kura da fatar akuya. A wuraren nan kowa da sunan aro yake shiga, surarsa ma zane ce. Wanda ya ce shi yarinya ce 'yar shekara 16 yana iya zama ƙato ɗan shekara 40. Irin wannan yakan fara da yabon zane, sa'an nan kyauta, sa'an nan ya ce kada a gaya wa kowa. Majalisar Faransa ta yi doka cikin Yuli 2023 cewa yaron da bai kai shekara 15 ba sai da yardar iyaye zai shiga irin waɗannan dandali, amma doka ba ta kwana a ɗakin yaro, uwa da uba ne ke kwana a gidan.

Ta huɗu ta shafe mu 'yan kasuwa, ita ce cin guminsu. Ɗaya saurayin wani ya sa shi aikin zane goma, aka yi ciniki, ya aika da aikin duka, mutumin ya rufe hanya ya ɓace, bayan wata biyu yaro ya ga zanensa a jikin riguna ana sayarwa. Da ya tambayi ubansa, wanda ya shekara talatin yana saye da sayarwa, da ya gaya masa ba a sakin kaya sai an karɓi kafin alƙalami. A dokar Faransa duk wanda ya ƙago zane shi ke da haƙƙinsa tun ran da ya yi shi, ba sai ya yi rajista ba, haƙƙin kuma yana bin magadansa shekara 70 bayan mutuwarsa. Wannan doka kuwa kaifi biyu gare ta, gama jaruman Japan ɗin nan ma suna da masu su, wanda ya zana su ya buga a riga yana sayarwa ya shiga gonar wani. Ga kuma sabon ɓarawo wanda ba a kamawa da hannu, na'urar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda ake ciyar da ita da zanen mutane ta riƙa fitar da irinsa cikin ƙiftawar ido. A ƙarshen 2022 masu zane suka yi bore a DeviantArt da ArtStation saboda wannan, har yau kuwa maganar ba ta mutu ba. Abin da ya burge mu shi ne yadda yaran suke yi da macuci: su sanar da juna sunansa, kowa ya daina yi masa aiki, daidai yadda zango kan yi da wanda ya ci amanar fatake.

Akwai kuma tambayar da muka san tana bakin kowane dattijo, ita ce hukuncin zana abu mai rai. Wannan magana ta malamai ce. Akwai hadisai masu tsanani a kan masu yin sura, malaman Malikiyya kuma sun bambanta tsakanin gunki mai inuwa da abin da aka zana a shimfiɗe kan takarda ko tufa, waɗansu malamai sun tsananta a kan duka biyun. Kowa ya kai ɗansa gaban malamin da ya yarda da shi, a yi bayani yaro yana ji, ya fi a fizge littafi a yaga. Abin da za mu ƙara kawai shi ne hannun Bahaushe bai taɓa zama ba ado ba. Ga allon zayyana na mai saukar karatu, ga aska takwas da aska biyu a ƙirjin riga, ga dagi a bangon gidajen Zariya da na unguwar Birni a Damagaram, ga zanen ƙwarya, ga lallen amare. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da sura ba, ga fili nan mai faɗi da zai nuna wa ɗansa.

To, mene ne magani? Mu a ganinmu maganin yana cikin sunanmu. Zango wurin saukar baƙi ne, da baƙi aka gina shi, daga Salaga har Kumasi, daga Sabo na Ibadan har nan bakin Paris. Kakanninmu ba su kori baƙo ba, ba su kuma ba shi makullin ɗaki ran da ya zo ba. Maigida ne kan tare shi, ya tambaye shi daga ina, ɗan wane ne, wa ya san shi, ya ba shi masauki da tuwo, ya dube shi kwana biyu, sa'an nan ya tsaya masa a kasuwa. Da wannan tsari mutumin Katsina ya ba mutumin Gwanja bashin kaya ba takarda. Abokan yaranmu na cikin waya baƙi ne da suka sauka a gidajenmu ba maigida. Wanda ya ƙwace waya ya kori baƙon, amma yaro zai bi shi ta taga, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya kau da kai kuwa ya bar baƙo a ɗakin 'yarsa bai san ko wane ne ba. Aikinmu shi ne mu zama masu gida.

Haka muka shawarci tela, ya kuwa karɓa, ko da yake da ƙyar. Aka ce wa yarinya ta gaya wa ƙawarta iyaye suna so su gaisa, a kira ta waya mai hoto, kowa ya ga kowa. Mai gaskiya ba ya gudun wannan, macuci ne kan kawo dalili. Ran da aka yi kiran sai ga yarinya sa'ar tasa, ga uwarta a gefe, mutuniyar tsibirin Komoro, mai aikin jinya, suna zaune wajen unguwar Guillotière. Abin dariya, ashe ita ma uwar ta daɗe cikin zullumi, tana zaton wani ƙato ne a Paris ke hure wa 'yarta kunne. Iyayen mata biyu suka yi ta hira har aka manta da yaran.

Da Yuli ta zo, uwar ta sako 'yarta a jirgin ƙasa mai gudu, wanda ke cin tsakanin Lyon da Paris cikin kamar awa biyu, aka tarye ta a tasha, ta kwana uku a gidan tela tana cin dambu da tuwon shinkafa. Shi da kansa ya raka su Villepinte, suka hau taragon T11 daga Stains zuwa Le Bourget, suka sāke jirgi. Ya tafi da babbar rigarsa ta shadda mai aska takwas da hula. Ya ce da shigarsa sai ya ga dubban samari da 'yan mata kowa ya yi shigar jaruminsa, wani da takobin kwali, wani da gashi kore. Kafin ya ankara sai waɗansu suka kewaye shi suna roƙon ɗaukar hoto, suna tambaya shigar wane jarumi ya yi! Ya ce musu shigar ubansa ya yi. Da ya gane yawancinsu da hannunsu suka ɗinka kayan, sai tela ya motsa, ya riƙa kama gefen riga yana duba ɗinki, yana cewa wannan ya iya, wannan kuwa zarensa zai warware kafin magariba. Ya ga kuma layin tebura inda ƙananan masu zane ke sayar da aikinsu, ya tsaya ya tambayi kuɗin tebur da na bugu, ya yi lissafinsa a zuci, ya ce riba ƙanƙanuwa ce amma ciniki ne.

Ba mu ce kome ya daidaita ba. Har yanzu bai yarda a rataya sura a bangon gidansa ba, yarinya kuwa ta bi. Ƙarfe goma na dare waya tana hannun uwa. An yi sharaɗi sai ta ci jarrabawar bak kafin a yi zancen makarantar zane. Duk aikin lada sai ya san mai shi, shi ke yanka kuɗi, rabi kafin a fara. Maradi ma za ta, amma da tikitin zuwa da dawowa, ta kuma ce za ta roƙi kawunta ya kai ta Damagaram ta zano adon gidajen Birni, domin abokanta sun dame ta da tambaya tun da suka ga rigar ubanta. Yanzu in mai ɗinki ya zo yana kwatanta irin aikin da yake so a wuyan riga, ita ke zana masa a allo ya gani kafin a sa almakashi.

Masu cewa zane ba sana'a ba ce su dubi shaddar da ke rumfarsu. Furen da ke jikin Gezna wani ne ya zauna ya zana shi, masaƙar da ke fitar da shi kuwa tana ɗauke da sunan Jacquard, mutumin Lyon, wanda ya gyara ta a farkon ƙarni na 19. 'Yan'uwanmu na Lyon su je unguwar Croix-Rousse su ga bangon masaƙa da aka zana a 1987, baƙi daga ko'ina suna zuwa kallonsa. Marguerite Abouet, haifaffiyar Abidjan, tana da shekara 12 ta zo ƙasar nan, ta rubuta labarin unguwarsu, Clément Oubrerie ya zana, suka fitar da Aya de Yopougon a 2005, ya ci lambar yabo a taron Angoulême a 2006. Tony Valente, mutumin Toulouse, ya fara Radiant a 2013, Japanawa da kansu suka fassara shi, suka mai da shi majigi a 2018. Akwai makarantun wannan aiki, irin su Gobelins a Paris da Émile Cohl a Lyon. Amma mu faɗa wa yara gaskiya, masu ci da zane kaɗan ne, masu wahala a cikinsa sun fi yawa, saboda haka karatu da wata sana'a a hannu tilas ne. Wanda kuma ba zai ci da shi ba, in ya samu aboki na kirki ta dalilinsa, bai yi hasara ba.

Saboda haka shugabannin ƙungiya sun yarda, a taron Babbar Salla mai zuwa za a ajiye tebur guda domin aikin hannun yaranmu. Malamai su kawo allon zayyana, teloli su kawo zanen aska, mata masu lalle su kawo nasu, yara su kawo abin da iyayensu suka yarda a nuna. Kowane yaro yana iya gayyato abokinsa na wurin zane, da sharaɗin ya zo da babba nasa, mu gan shi ya gan mu, ya ci namanmu. 'Yan'uwa na Lyon muna roƙonsu su yi irin wannan a can. Kafin ranar kuwa, kowane uba ya samu dare ɗaya ya zauna kusa da ɗansa, ya ce nuna mini abin da ka zana, wane ne kuma wannan da ke yi maka gyara? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, yara sun ƙulla tasu a waya, saura mu kai ta ƙafa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya haɗa su da abokan arziki, ya tsare su daga macuta na fili da na ɓoye, ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Haza wasalam, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.